Figa, Zubar Gashi, da Kazar da Ƙwai Ya Fashe wa a Ciki: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, kajina sun fara zama tsirara a wuya da gadon baya. Wani ya ce "sun fige", wani ya ce "suna zubar da gashi". Ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, Malama, kuma yadda ake cakuɗa su yana damuna ƙwarai. Figa aiki ne da ke da mai yin sa. Duk inda aka ce kaza figaggiya ce, akwai hannu ko baki da ya cisge gashin da ƙarfi. Zubar gashi kuwa, tsohon gashi ne ke faɗuwa da kansa saboda sabo na turo shi daga ƙasa. Wanda bai raba su a baki ba, da wuya ya raba su a akurki.

Kaza takan sake gashi kusan sau ɗaya a shekara, kuma abin yana bin tsari: daga kai da wuya, sai ƙirji da baya, sannan fuka-fukai da jela. Ki ɗaga gashin ki duba fatar. In tana da tsabta, babu jini, kina ganin tsirin sabon gashi na leƙowa, to zubar gashi ce, takan ɗauki mako 8 zuwa 12. Ƙwai zai ragu ko ya tsaya cak, domin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin tsuntsu furotin ne, jiki ba ya iya haɗa yin gashi da yin ƙwai. Abin da take so a lokacin shi ne abinci mai furotin da ya kai kashi 20, maimakon 16 na masu ƙwai, sannan a rage kama ta. Sabon tsiri akwai jini a cikinsa, taɓa shi na yi mata zafi, in ya karye kuma yana zubar da jini sosai.

In figa ce, sai a nemi mai figar, kuma wurin da gashin ya ɓace shi ke tona asirinsa. Gadon baya da ƙeya aikin zakara ne wajen barbara; zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10, in zakaru suka yi yawa bayan kajin ne ke biyan kuɗin. Ƙirji kawai, ga kaza mai kwanci, ita ce ta fige kanta don ɗumin fatarta ya taɓa ƙwai, wannan lafiya lau. Gindin jela da kewayen dubura, gashi a kakkarye ga ɗigon jini, 'yan'uwanta ne ke tsattsagar ta, kuma cunkoso, haske mai yawa da ƙarancin furotin ne ke jawo hakan. A ware ta nan take, don kaji in suka ga ja ba sa dainawa sai sun huda ta.

Saura ƙwari. Ƙwarƙwatar kaji a jikin kaza take zaune, za ki ga farin ƙwanta a dunƙule a gindin gashin da ke kusa da dubura. Amma akwai wasu ƙananan jajayen ƙwari masu shan jini da ke ɓuya a tsagar katako da rana, sai dare su fito. Ki je da dare ki goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar da kajin ke kwana a kai. In ya fito da jan layi-layi, su ne. Maganin da aka sa wa kaza ba a sa wa akurki ba asara ce, kuma dole a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, lokacin da ƙwan ƙwarin ya ƙyanƙyashe.

Masu ajiye aku su ma su ji: akun da jikinsa ya tsiraita amma gashin kansa na nan sumul, shi ke figar kansa, don kai ne kaɗai bakinsa ba ya kaiwa. Kaɗaici da zaman keji ba abin yi na cikin manyan dalilai, amma a fara kai shi likita ya duba fata da abincinsa.

Tambaya: Malam, mece ce fingi?

Amsa: Nau'in kaza ce da yanayin gashinta ya sha bamban da na sauran kaji. Halitta ce ta gado, kada a ɓata mata magani.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ana cewa mutum ya yi jugum "kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki". Da gaske ƙwai na fashewa a cikin kaza?

Amsa: Ƙwarai kuwa, kuma wanda ya fara yin wannan kwatance ya ƙare wa irin wannan kaza kallo. Takan tsaya wuri ɗaya, gashi a buɗe, ido rabi a rufe, jela a ƙasa, ba ci ba tono. Ƙwai yakan ɗauki kusan awa 25 kafin ya kammala, kusan 20 daga ciki wajen yin ɓawo ne, kuma kowane ɓawo na cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. In kalsiyam ya gaza, ɓawon ya zo da laushi, ƙarfin naƙudar ma ya ragu, sai ƙwan ya maƙale. Za ka gan ta tana yunƙuri, tana kaɗa jela, tana tafiya a miƙe ƙafafu a ware. A zaunar da ita cikin ruwan ɗumi zuwa ƙirji na minti 15 zuwa 20, a shafa mai mai santsi a bakin dubura, a ba ta kalsiyam, a ajiye ta a wuri mai duhu da ɗumi. Kada a matsa cikin da hannu. Matsawar ce ke fasa ƙwan, ɓawon ya yanke ta daga ciki, ƙwayoyin cuta su samu gwaiduwa su hayayyafa, ciki ya kumbura ya yi zafi. In awa 24 ta wuce bai fito ba, aikin likitan dabbobi ne.

Saboda haka wannan kwatance na wanda abu ke ci a ciki ne ya kasa faɗa. Masu ɗora shi a kan wanda kawai ya gaji ko yake jin barci suna rage masa nauyi.

Tambaya: Malam, tattabarata ta dawo fiffike ɗaya na ja a ƙasa. Targaɗe zan ce ko karaya? Kuma mene ne bambancin rauni, miki da gyambo?

Amsa: Targaɗe a gaɓa yake, jijiya ce ta murɗe ƙashi na nan lafiya. Karaya ƙashin ne ya rabu. Akwai kuma gocewa, inda ƙashi ya fita daga mazauninsa. Rauni sabo ne, yanzu aka ji shi. Miki buɗaɗɗen ciwo ne da ya zauna a jiki, shi ya sa ake cewa an fama miki. Gyambo kuwa mikin da ya daɗe ya ƙi warkewa yana ruwa. Haka raɗaɗi da zogi: raɗaɗi a saman fata yake, irin na ƙuna ko sabon yanka, zogi kuwa daga ciki yake bugawa, irin na ƙurji da ya tara mugunya. Yaran yanzu komai "ciwo" ne a wurinsu, alhali kakanninsu sun bar musu kalma ga kowane mataki.

Game da tattabararka, ka shafa ƙashin a hankali ka gwada da ɗaya fiffiken. Kumburi a tsakiyar ƙashi, ko motsi inda babu gaɓa, karaya ce. Ka naɗe fiffiken yadda take naɗe shi in tana hutawa, ka ɗaure shi da bandeji mai laushi, ka sa ta a kwali mai duhu inda ba za ta yi fafur-fafur ba. Wurin da masu ɗori ke kuskure shi ne ɗaure ƙirji tamau. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in ka matse shi ka shaƙe shi ke nan. Ƙashin tsuntsu na haɗewa da sauri, mako 2 zuwa 3, kuma barin ɗauri ya wuce haka na sandarar da gaɓa. In ƙashi ya huda fata ya fito, wannan ya fi ƙarfin ɗorin gida.

Ka duba ƙarƙashin gashi ko akwai hujin haƙori. Ba banza muzuru ya yi baƙin jini ba: yawun kyanwa na ɗauke da ƙwayoyin cuta da kan kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da hujin bai kai kan allura ba, sai an yi saurin ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ka wanke rauni da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka danne jini da ƙyalle mai tsabta. Jinin tsuntsu bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba, ɗan tsuntsu mai giram 30 jininsa duka kusan mililita 3 ne, don haka ɗigo kaɗan a wurinsa asara ce babba.

Kada shirunta ya ruɗe ka. Tsuntsu abin farauta ne, yana ɓoye ciwo har sai ya kasa, ranar da ka ga alama ciwon ya riga ya yi nisa. Kuma ina roƙo, kada a ɗauko maganin ciwon jiki na mutane a ɗura wa tsuntsu. Maganin diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa a Indiya ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulun ƙasar tun daga shekarun 1990, ta hanyar lalata musu ƙoda bayan sun ci mushen shanun, har aka haramta ba dabbobi shi a 2006. Likitocin tsuntsaye sun fi amfani da meloxicam, shi ma da awo gwargwadon nauyi.

Tambaya: "Kamar kazar da aka jefa da gishiri" fa, Malam?

Amsa: Wanda jikinsa ya mutu, ya yi laƙwas bayan an ba shi kunya ko mugun labari. Kaza na buƙatar gishiri kaɗan, giram 3 zuwa 4 a kilo ɗaya na abinci. In ya zarce sosai sai ƙishirwa, zawo da kasala, 'yan tsaki kuma su mutu.

Tambaya: Malam, kajina na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta sun ce mura ce. Ita ce murar tsuntsaye da ake faɗa?

Amsa: Kalmar mura ta zama rumbun da ake zuba kowace cutar kaji, kuma wannan sakacin baki na jawo asara. Mura a asalinta majina ce da atishawa. In kana ganin koren zawo, haki baki a buɗe, wuya na murɗewa kai ya juya baya, ƙafa ko fiffike ya shanye, ka fi zargin cutar Niyukasil, wadda ta samo sunanta daga wani gari a Ingila inda aka gano ta wajen 1927. Ba ta da magani, sai rigakafi. Akwai wanda ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4 ga kajin da ke yawo. Murar tsuntsaye kuwa, wadda aka fara tabbatar da nau'inta mai tsanani na H5N1 a Afirka a 2006, takan zo da mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, jini ya kwanta ƙarƙashin fatar ƙafa, kuma tana iya kama mutum. Ido kaɗai ba ya raba su tabbas, sai gwaji. Ka ware marasa lafiya, kada ka yanka su don ci ko ka sayar, ka binne matattu da zurfi ba da hannu tsirara ba, ka sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Tambaya: Fiffike ne daidai ko fuffuke?

Amsa: Duka biyun Hausa ce, bambancin karin harshe ne kawai, jam'insu fuka-fukai ko fika-fikai.