Yadda za ki tattara tarihin mahaifiyarki

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya ba ku haƙuri. Kin ce ta rasu da tsufanta, ta koyar a firamare shekara da shekaru, tana saƙa da ɗinkin hula, kuma kina son jikoki su san ko wace ce, amma kin rasa ta inda za ki fara.

Fara da tsofaffi, 'yar'uwa, tun suna raye. Ƙannenta da ƙawayenta ki je musu da waya ki naɗi muryarsu. Kada ki ce "wace irin mace ce?", za a ce miki "mutuniyar kirki" a yi shiru. Tambayi me take yi bayan La'asar. Ni da haka aka ba ni labarin tamu Inna zaune kan tabarma, kwarashi a hannu, jan biro a bayan kunne, tana duba littattafan yara. Tsofaffin ɗalibanta ma ki neme su. Idan ta kama aiki lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da yawansu yanzu sun yi furfura.

Kayan saƙarta ki ɗauki hotonsu, ki naɗe cikin zane da kafur saboda asu. Leda tana tara gumi.

Inda ake yin kuskure shi ne rabar da keken ɗinki da zannuwa don tunawa kafin a raba gado. Ki bari malamin da ya san rabon gado ya zauna da ku tukuna. Haƙƙoƙinta na fansho kuwa, ki tafi ofishinsu da takardar shaidar rasuwa.