Me ya sa wasu birane ke korar 'yan yawon buɗe ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon mutanen Barcelona suna fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa, suna cewa su koma gida. Mu nan Daura kullum fatanmu a samu masu zuwa ganin rijiyar Kusugu. Yaya mai kawo kuɗi zai zama abin kora?
Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani ya faru ne a watan Yulin 2024, kuma babban abin da ya fito da mutanen kan titi shi ne kuɗin haya. Masu gidaje sun lissafa sun ga saukar da baƙi na kwana uku-uku ya fi riba a kan ɗan haya na shekara. Haya ta yi tashin gwauron zabi, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya suka koma bayan gari. Shi ya sa hukumar birnin ta ce nan da Nuwamban 2028 za ta soke lasisin irin waɗannan gidaje kusan 10,000.

Na birnin Venis a Italiya ya fi muni. A 1951 mutum kusan 175,000 ke zaune a tsohon garin, yau ba su kai 50,000 ba. Ambaliya da tsadar gyaran gida suna da nasu laifin, amma idan mai burodin unguwa ya koma sayar da tsaraba, da me ɗan gari zai karya kumallo? Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A can kabar ce ake tumɓukewa. A 2024 suka sa harajin yuro 5 ga mai shiga ya fita a wuni ɗaya a ranakun cunkoso. Ni dai ban ga yadda yuro 5 za ta tsayar da wanda ya biya kuɗin jirgi ba.

Garuruwan kan duwatsu sun fi saurin jigata, domin hanyarsu ƙunci gare ta, ruwansu ƙayyadadde ne, shara kuma sai an sauko da ita ƙasa. A 2018 famfuna suka ƙafe a Shimla ta Indiya, garin da Turawan mulkin mallaka ke gudun zafi su tafi, har mazauna suka shiga kafafen sada zumunta suna roƙon baƙi su dakata da zuwa. Japan kuwa a 2024 ta ƙayyade mutum 4,000 a rana a babbar hanyar hawa dutsen Fuji, kowa da kuɗin shiga yen 2,000.

To mu fa? Gaskiyarka, ƙarancin baƙi ne damuwarmu. Sai dai ma'aunin a nan shi ne abin da wuri zai iya ɗauka, kuma namu wuraren ƙanana ne. Hasumiyar Gobarau a Katsina ginin ƙasa ce, taron da bene na siminti ba zai ji ba ita zai cinye mata matakala. Kusugu tana tsakiyar gidajen mutane. Ka tuna yadda ƙofar fada ke cika a hawan Sallah ko Sallar Gani, ka dubi ledojin fiya wata da ake tashi da su washegari. Mai otal da mai mota sun kwashi nasu, sharar ta rage wa masu unguwa.

Yanzu da baƙin ba su yi yawa ba ne gyara ke da araha. A riƙa rubuta yawan masu zuwa, tunda ba a tsara abin da ba a ƙirga ba. A hau Gobarau rukuni-rukuni da ɗan jagora. Manyan motoci su tsaya nesa da lungunan tsohon gari, a tanadi ban-ɗaki da ruwa kafin a buga talla. Kuɗin shiga kuma a ware wa unguwar da wurin yake kaso sananne, a rubuta shi a allo a bakin ƙofa, mai unguwa da dattawa su san nawa ya shigo.