Katin hoto mai tsada ko madaidaici: amsa ga mai shagon zane a Ƙofar Ƙaura

Wani ɗan'uwa mai shagon buga katin gayyatar biki da fosta da bana a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya aiko da tambaya. Ya ce ya tara 'yan kuɗi yana son faɗaɗa sana'arsa, kuma niyyarsa ita ce ya sayi kwamfutocin tebur guda huɗu, da rana yaransa su yi aikin zane a kansu, da daddare kuma matasan unguwa su zo su buga wasan ƙwallo suna biya. Mai sayar da kaya ya gaya masa cewa idan bai sa wa kowace kwamfuta katin hoto mai ƙarfi ba, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ake gani a allon kwamfuta, wadda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, to aikin ba zai tafi ba. Yana so ya san ko ya zuba kuɗinsa a nan, kuma wane kati ya dace.

Malam, Allah ya sa wa nema albarka. Shawarata ita ce kada ka sayi kati huɗu masu tsada. Ka sayi ɗaya mai kyau, idan har akwai aikin da zai biya kuɗinsa, sauran kuɗin kuma ka kai su inda shagonka ya fi buƙata.

Dalilina yana cikin irin aikin da kake yi. Katin gayyata da fosta da bana galibi a CorelDRAW ake tsara su, kuma wannan manhaja ta fi jingina da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da yawan ram, wato wurin da take riƙe aikin da ke hannunta, fiye da katin hoto. Idan yaronka ya buɗe zanen bana mai tsawon ƙafa 10 kwamfutar ta tsaya tana tunani, a mafi yawan lokuta ram ne ya yi kaɗan, ko kuma tsohon faifan ajiya mai juyawa ne ke jan ƙafa. Kwamfuta mai Intel Core i5, da ram giga 16, da ma'ajiyar SSD, wadda ta fi faifan mai juyawa sauri, za ta ɗauki wannan aiki da ɗan sashen hoton da ke cikin furosesar kanta. Photoshop yana amfana da katin hoto wajen wasu ayyuka, amma ƙaramin kati irin GTX 1650, mai ma'ajiyar giga 4, wanda ke cin wat 75 kacal, ya wadatar da gyaran hoton amarya da ango.

Inda kati ke nuna kansa shi ne bidiyo da zanen gini. Idan kana karɓar aikin haɗa bidiyon biki ko na saukar karatu a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, ko kuma masu zanen gidaje suna kawo maka aiki a Lumion ko Blender domin a fitar wa mai gida hoton gininsa tun kafin a haƙa tushe, to a nan kowane minti da kati ya rage maka kuɗi ne. Abin da za ka fara tambaya shi ne girman ma'ajiyar katin, domin idan aiki ya fi ƙarfinta, kwamfutar ta fara sarƙewa ko manhajar ta rufe kanta. RTX 3060 na kamfanin NVIDIA, wanda ya fito a farkon 2021 a kan dala 329, yana da giga 12. RTX 4060 da ya biyo baya a 2023 a kan dala 299 ya fi shi sauri a wasanni, amma giga 8 gare shi. Ga mai aikin bidiyo da zanen gini na fi karkata ga mai giga 12, sai dai ka lura cewa akwai wani 3060 ɗin mai giga 8 a kasuwa, saboda haka ka duba da idonka. Na zaɓi NVIDIA a nan ne domin yawancin manhajojin wannan aiki sun fi sabawa da katunansa. Idan kuwa a wata guda ba ka samun aikin bidiyo ko biyu, ka jinkirta sayen wannan katin ma har sai aikin ya zo.

Akwai lissafin da mai sayar da kaya ba zai yi maka ba, wato na wuta. RTX 3060 yana cin wat 170 idan yana cikin aiki, RTX 4060 wat 115, babban yayansu RTX 4090 kuwa wat 450 shi kaɗai, ban da sauran kwamfutar da allonta. Idan ka sa 3060 a kwamfutoci huɗu, katunan kawai sun kai wat 680. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da awa guda ta janareta ke ci, kuma idan sola kake da ita, wannan nauyin yana nufin ƙarin faranti da ƙarin batir da babbar inbata. Kati mai ƙarfi kuma yana buƙatar fawa fak nagari, wato akwatin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta, domin NVIDIA da kansa wat 550 ya ba da shawara ga 3060. Kada ka yarda a haɗa maka kati mai daraja da fawa fak mara suna don a rage maka 'yan dubbai, saboda ranar da ya ƙone yakan tafi da abin da ke jikinsa. Ka ware kuɗin sitabilaiza da UPS tun a lissafin farko.

Batun wasa kuma sana'a ce dabam, kuma ina roƙonka ka raba ta da zane. Wasan ƙwallon da matasa suka fi so, EA Sports FC wanda a da ake kira FIFA, da eFootball, ba sa buƙatar babban kati a allo madaidaici. GTX 1660 Super ko RX 6600 na kamfanin AMD sun isa su tafiyar da su lafiya. Amma yawancin masu zuwa gidan wasa a nan da PlayStation suka saba, su zauna gaban talabijin da abin bugawa a hannu, kuma na'urar ba ta buƙatar wanda zai riƙa saita ta kullum. Abin da ya fi damuna shi ne amanar mutane. Kwamfutar da ke ɗauke da hotunan iyalin wani da zanen da za a buga gobe da safe, bai kamata a bar ta a hannun duk wanda ya biya kuɗin wasa ba, mai soka filash ɗinsa ya shigo da ƙwayar cuta, ko ya goge abin da bai sani ba. Kafin ka sa ko kwabo a wannan ɓangare, ka zauna dare uku a wani gidan wasa, ka ƙirga wasa nawa ake bugawa a na'ura ɗaya, ka ninka da kuɗin wasa, ka cire mai da ladan yaro, sannan ka ga wata nawa za a yi kafin uwar kuɗi ta dawo.

Na san farashi zai iya tura ka ga na hannu, kuma ban hana ba, sai dai a shiga da ido buɗe. A watan Satumbar 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, wato lissafin da kwamfutoci ke yi domin samar da kuɗin, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, musamman RX 580. Akwai kuma na jabu. Wani matashi ya taɓa kawo mini kati a kwalinsa mai sheƙi, an rubuta GTX 1050 Ti a jiki, yana murna ya samu da araha. Da muka buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, wadda kyauta ce, sai ta nuna cewa na jabu ne, tsohon kati ne aka sauya wa suna, kuma wanda ya sayar masa ya daina ɗaukar waya. Ko a nan Katsina za ka saya, ko a Farm Centre ta Kano, ka sa a jona katin a gabanka, a duba shi da GPU-Z, a matsa masa da manhajar gwaji ta FurMark na kamar minti 20 kana kallon zafinsa kana sauraron fankarsa. Idan ɗigo-ɗigo ko layuka suka bayyana a allo, ko kwamfutar ta mutu, ka ajiye shi komai arharsa. A rubuta lambar katin a rasit, tare da kwanakin da aka yarda za ka iya mayarwa.

Ka kuma tuna garin da kake. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma kati idan ya yi zafi da yawa yakan rage gudunsa da kansa, sai ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Da hunturu kuma ƙura ce. Na taɓa buɗe akwatin kwamfuta a ƙarshen Janairu na tarar ƙura ta daskare tsakanin ƙarafan sanyaya katin kamar auduga, fanka tana juyawa amma iska ba ta ratsawa. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka sa a hure shi duk wata.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, kuma sabbi suna fitowa suna karya darajar na baya, kamar yadda jerin RTX 50 ya fito a farkon 2025, don haka kada ka ci bashi domin kati, kada kuma ka saye shi a matsayin ajiya. Zaɓen 2027 zai kawo aikin fosta da bana mai yawa, kuma aikin CorelDRAW ne kusan dukkansa. Kuɗin katunan ukun da ba ka saya ba, ka zuba su a ram da SSD, da tawada da takarda da ledar bana, da ƙarin batir da zai riƙe shagon idan an ɗauke wuta. Idan ka karɓo farashi daga shaguna biyu ko uku, ka aiko mini da su tare da adadin aikin bidiyon da ka samu a wata ukun da suka wuce, sai mu zauna mu fitar da lissafin kwamfuta ta huɗun, wadda za a sa wa katin.