Amsa kan sauya aksul na baya a tsohuwar mota

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya wajaba ka sauya aksul na baya tunda ka ɗora wa tsohuwar motarka injin da ya fi na asali ƙarfi. A ganina ya wajaba, domin ƙarfin da ka ƙara duk a kansa zai sauka, kuma sandunan da ke juya tayoyi su ne ke fara karyewa.

Da ni ne, aksul ɗin Ford mai inci 9 (wato faɗin babbar giyar cikinsa) zan nema, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, saboda ana zare kan giyarsa ta gaba ba tare da an sauke aksul ɗin gaba ɗaya ba, kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Ka zaɓi sanduna masu tsagi 31 a bakinsu, sun fi masu 28 juriya.

Amma kafin ka biya kuɗi, ka auna faɗin tsohon daga inda taya ke zama zuwa ɗaya gefen, ka kuma duba ko ramukan kusoshi sun dace da wilinka. Batun lissafin giyar cikin aksul shi ne na fi so ka natsu a kai: 3.73 na nufin farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksul, za ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, wato mota za ta tashi da zafin nama, sai dai injin zai riƙa kuka da shan mai a doguwar tafiya. Idan giyarka huɗu ce kawai, 3.25 ya fi dacewa.

Lokacin waldar mazaunin sifirin a jikin sabon aksul, a daidaita kusurwar farfela da ta giyabos, in ba haka ba motar za ta riƙa karkarwa.