Kun Tambaya, Mun Amsa: Yaya ake binciken ƙawance a aji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta kwana, kuma ina digiri na biyu a fannin ilimi. Na lura ɗalibaina masu faɗuwa lissafi kusan duk ƙawayen juna ne. Malamin da ke duba aikina ya ce in yi amfani da nazarin netwok, ni kuwa netwok ɗin waya kaɗai na sani. Mene ne shi, kuma ta ina zan fara? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da malaminki ke nufi shi ne nazarin saƙar alaƙa tsakanin mutane. A binciken da muka saba, ɗaliba ɗaya ake dubawa: shekarunta, makinta, sana'ar mahaifinta. A nan kuwa zaren da ya haɗa ta da sauran ake bi. Kowace ɗaliba ɗigo ce a takarda, kowane ƙawance layi ne tsakanin ɗigo biyu.

Zai ba ki sha'awa ki ji cewa a makarantar 'yan mata irin taki aka fara gwada wannan hanya sosai. A 1932, a garin Hudson da ke jihar New York ta Amurka, 'yan mata 14 suka gudu daga wata makarantar gyaran hali cikin mako biyu. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Jacob Moreno, tare da Helen Jennings, suka tambayi 'yan matan wa kowace ke so ta zauna da ita, suka zana amsoshin. Moreno ya nuna cewa gudun ya bi layin alaƙar da ke tsakaninsu ne, ya kuma wallafa aikin a 1934.

Ki fara da aji ɗaya ko biyu, kada ki ɗebo makaranta duka. Ki ba kowace ɗaliba jerin sunayen 'yan ajin, ta yi alama. Amma ki kula da tambayar. "Wace ce ƙawarki?" ta yi faɗi, don yarinya mai kunya za ta yi wa kowa alama kada ta ɓata wa wata. Ki tambayi abin da ya faru: wa kika je wa da lissafin da ya gagare ki a makon jiya? Da wa kike zama lokacin firef? Za ki ga wadda ake zama da ita daban, wadda ake tambaya karatu daban.

Idan ɗalibai 40 ne, layukan da za su iya samuwa 1,560 ne, wato 40 sau 39, tunda Binta na iya ambaton Ladi, Ladi ba ta ambace ta ba. Ki shigar da su Excel, ki zana da Gephi, wani shirin kwamfuta na zana irin wannan saƙa, kyauta ake sauke shi. Zai nuna miki wadda aka fi ambata, da wadda ta zama gada tsakanin rukuni biyu, da wadda ba wanda ya kira sunanta. Ki tabbatar kusan kowa ta cike takardar, domin idan yarinyar da ke haɗa rukuni biyu ba ta nan ranar, zanen zai yi miki ƙarya.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki yi tunani. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Su ne kuma suka ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Wanne ne ke faruwa a ajinki? Ƙawancen ne ya ja makinsu ƙasa, ko kuwa dama masu rauni a lissafi ne suka nemi juna saboda ba mai yi wa wata dariya? Tambaya ta lokaci ɗaya ba za ta raba miki wannan gardama ba. Na sha ganin aikin ɗalibai da ya rushe a nan wurin, sun zana taswira mai kyau sannan suka ɗora mata hukuncin da ba ta iya ɗauka. Ki tattara amsa a farkon zangon farko, ki sake a ƙarshen zango na biyu, tare da makin kowane lokaci. Ta haka za ki ga abin da ya riga wani, ƙawancen ko faɗuwar.

Sai maganar amana, wadda ta fi damuna. Wannan bincike ba ya yiwuwa sai da sunaye, kuma ke malamarsu ce, suna jin nauyinki. Ki nemi izinin hukumar makaranta da na iyaye, ki gaya wa yaran cewa wadda ba ta so ba dole, kuma ba zai shafi makinta ba. Kada ki tambayi wadda suke ƙi. A makarantar kwana irin wannan magana ba ta kwana a ɓoye. Da zarar kin karɓi takardun ki mayar da sunaye lambobi, ki kulle jerin asalin a gida. Idan kuma zanen ya fito miki da yarinyar da ba wadda ta ambata, kada ki jira kammala digiri. Ki sauya mata wurin zama a hankali, ki sa ta cikin rukunin aikin gida, ba tare da kowa ya san dalili ba.