Likita, Wa Ya Biya Kuɗin Wannan Binciken? Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin da suka iso ni a wannan karon kusan duk da kalma ɗaya suka fara: "An ce bincike ya nuna." Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su ba tare da sauya ma'anarsu ba.

Tambaya daga wani maigadi: Assalamu alaikum Likita. Ina aikin gadi daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe. Kullum sai na sha gwangwani biyu ko uku na lemon ƙara kuzari don kada barci ya sace ni. Na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa bincike ya tabbatar yana ƙara kaifin hankali kuma ba ya cutarwa. Amma kwanan nan ƙirjina na bugawa fat-fat, da rana kuma barci ya ƙi zuwa. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da ladan nema. Ka kama abin da ƙirjinka ke faɗa maka. Abin da ke hana ka barci a cikin wannan lemo shi ne sinadarin kafeyin. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 a rana ba, mai ciki kuma 200. Ƙaramin gwangwani yakan ƙunshi kimanin 80, manyan kuma su ninka haka ko su wuce, ban da shayi ko kofi da ka sha a tsakani. Kuma kafeyin ba ya barin jiki da wuri: bayan kimanin awa 5 rabinsa yana nan a jini. In ka sha da ƙarfe 4 na asuba, da hantsi lokacin da ka kwanta yana nan yana aiki. Ka sha naka a farkon dare, ka daina awa 6 kafin lokacin kwanciyarka, ka rage a hankali don kada ciwon kai ya dame ka, ka rufe tagogi ɗakin ya yi duhu. Ka je a auna maka jini a kuma duba bugun zuciyarka a cikin makon nan. In bugun ya zo da ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi, kada ka jira gari ya waye.

Batun binciken kuwa, ba lallai ne ƙarya aka yi ba. Kafeyin yana wartsakar da mutum na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Dabarar tana wajen tambayar da aka zaɓa a bincika. In aka auna kuzarin mutum awa ɗaya bayan ya sha, sakamako zai yi kyau. Ba a tambayi halin da maigadi zai shiga bayan shekara yana shan uku a kowane dare ba.

Wannan dabara ta daɗe. A 1967 wasu masana uku na Jami'ar Harvard suka wallafa nazari a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na Amurka, suka rage nauyin zargin da ake wa sukari game da ciwon zuciya, suka ɗora laifin a kan kitse. Ba su ambaci cewa ƙungiyar masu harkar sukari ce ta biya su dala 6,500 ba. Sai a 2016 wata likitar haƙori, Cristin Kearns, da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka fito da wasiƙun da aka yi musaya, bayan sun tono su daga ɗakunan ajiye tsofaffin takardu. Kusan shekara 50 kenan. A 2013 kuma wasu masana suka duba nazarce-nazarcen da aka yi kan lemon kwalba mai sukari da ƙiba, suka ga waɗanda marubutansu ke da alaƙar kuɗi da kamfanonin abinci sun ninka sauran sau 5 wajen cewa babu alaƙa tsakanin lemon da ƙiba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tambaya daga wata tela: Likita, ina wuni a kan keken ɗinki. Wayata kullum tana nuna min ban kai taku 10,000 ba, da ƙyar nake yin 4,000. Shin na yi asara kenan?

Amsa: Ba ki yi asara ba, 'yar'uwa. Adadin 10,000 ba daga asibiti ya fito ba. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku, ya sa mata suna da ke nufin "ma'aunin taku dubu goma", sunan ya bi duniya har ya zama kamar doka. Da masana suka zo suka auna, a 2019, a kan mata tsofaffi kusan 17,000 a Amurka, sai suka ga masu yin taku 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai a iya lokacin da aka bi su, amfanin kuma yana ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Ke nan duk ɗan abin da kika ƙara riba ce.

Abin da ya fi damuna a aikinki shi ne zaman. Tun 1953 wani likita mai suna Jerry Morris ya lura cewa kwandastocin bas mai hawa biyu a Landan, masu wuni suna hawa da sauka a matakala, ba su kai direbobin da ke zaune yawan ciwon zuciya ba. Ki riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, ki yi yankan yadi a tsaye, ki nemi minti 150 na tafiya mai ɗan sauri a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Tambaya daga wata uwargida: Likita, maigidana malamin makaranta ne, shekara 6 yana shan maganin hawan jini. Ya saurari wani shiri inda aka ce kamfanonin magani su ke biyan kuɗin bincike don su sayar da hajarsu. Yau mako uku ya ajiye maganin, ya ce duk kasuwanci ne. Na yi magana har na gaji. Ka taimake ni da abin da zan faɗa masa.

Amsa: Hajiya, wannan wasiƙa ce ta fi tayar min da hankali, don haka zan ɗan tsawaita. Ki karanta wa Malam ita gaba ɗaya, kada ki tsallake farkon, domin yana da gaskiya a wani ɓangare kuma bai kamata a raina masa hankali ba.

Malam, gaskiya ne yawancin gwajin sababbin magunguna kamfanonin da suka ƙera su ne ke biya, kuma an sha kama su da ɓoye abin da bai yi musu daɗi ba. A 2008 wani likita mai suna Erick Turner da abokan aikinsa suka kwatanta gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka da abin da ya fito a mujallu. Cikin 38 da suka nuna maganin ya yi aiki, an wallafa 37. Cikin 36 da ba su nuna haka ba, 22 ba a wallafa su ba sam, 11 kuma aka rubuta su yadda mai karatu zai ɗauka an yi nasara. Likitan da ya dogara da mujalla kaɗai zai zaci kashi 94 cikin 100 na gwaje-gwajen sun yi kyau, alhali kashi 51 ne. Ga kuma maganin ciwon gaɓoɓi na Vioxx, wanda aka janye daga kasuwa a watan Satumba na 2004 bayan shekara 5 ana sayar da shi, saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ni kaina a farkon aikina na taɓa karɓar wata takarda mai sheƙi daga wakilin wani kamfani, na rubuta wa marasa lafiya sabon magani mai tsada bisa abin da ke cikinta. Daga baya na zauna na karanta cikakken binciken, na ga an gwada shi ne da ƙwayar da babu magani a cikinta, ba a gwada shi da tsohon magani mai araha da muke da shi ba. Har yau ina tuna wani dattijo da ya buɗe leda a gabana yana nuna min rabin katin da kuɗinsa ya iya saya. Abin ya tsaya min a rai.

To amma Malam, maganin hawan jini ba ya cikin abubuwan da ke tsaye a kan maganar kamfani. An shafe fiye da shekara 50 ana gwada shi a ƙasashe daban-daban, da kuɗin gwamnatoci da jami'o'i. Babban gwajin da ake kira ALLHAT, wanda cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta jagoranta a kan mutane fiye da 33,000, ya fitar da sakamako a 2002 cewa tsohon magani mai sa fitsari, mai arahar gaske, bai gaza sababbi masu tsada ba wajen kare mutane daga ciwon zuciya. Wannan sakamako bai yi wa masu sayar da sababbin daɗi ba, amma ya fito. Yawancin magungunan hawan jini da ake sha a yau ma ikon mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, kowane kamfani na iya yin su.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau yana koyarwa a aji, jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya suna lalacewa a ɓoye, sai rana ɗaya alli ya faɗi daga hannu, baki ya karkace. Na ga wannan da idona a wurin mutanen da suka ajiye magani saboda sun ji sauƙi ko sun ji wata magana. Ajiye maganin don gudun kamfani gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ka je a auna jininka yau ko gobe, ka tafi da katin maganin, ka faɗa wa likitanka gaskiya cewa ka yi mako uku ba ka sha ba. Kada ka haɗiye biyu don ramuwa. In maganin yana ba ka tari, kumburin ƙafa ko raunin kusantar iyali, ka faɗa, akwai wanda za a sauya maka.

Tambaya daga wata ɗaliba: Idona na yi min zafi saboda kwamfuta. An ce in sayi tabarau mai tace shuɗin haske. Yana aiki?

Amsa: A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace shi, ta duba gwaje-gwaje 17 ba ta ga shaidar cewa irin wannan tabarau ya fi na yau da kullum rage gajiyar ido ba. Zafin yana zuwa ne don mai kallon allo ba ya ƙifta ido sosai, sai idon ya bushe. Duk minti 20 ki ɗauke kai ki kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. In bai daina ba a gwada miki ido, wataƙila tabarau na gani kike buƙata.

Tambaya daga wani akawu: Likita, ina aiki awa 11 zuwa 12 a rana, kwana 6 a mako. A wurin aiki an raba mana wata takarda mai cewa bincike ya nuna wasu ƙwayoyin bitamin suna kawar da gajiya. Ta yaya mutum irina zai gane binciken da za a yarda da shi?

Amsa: Malam, ka fara da neman takardar binciken ita kanta, domin tallar da ba ta ambaci mujalla ko shekara ba ba ta ba ka komai ba. In ka samu, ka gangara can ƙasa, kafin jerin manazarta, akwai 'yan layuka da ƙananan haruffa da ke faɗin wanda ya ba da kuɗi da alaƙar marubuta da kamfani. Nan nake fara karantawa kafin in koma sama. Sannan ka duba mutum nawa aka gwada, na tsawon wane lokaci, da me aka kwatanta, kuma me aka auna: lafiyar mutum ko wani adadi a jini? Ganin sunan kamfani ba ya soke bincike, yana sa ne ka nemi ko wasu da ba su ci ko sisi ba sun maimaita sun samu abu ɗaya. Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka shardanta a yi wa gwaji rajista kafin a fara shi, don kada a binne wanda bai yi daɗi ba.

Amma gajiyarka ba ta buƙatar dogon nazari. Kana yin awa 66 zuwa 72 a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, kuma yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100 idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Babu ƙwayar bitamin da ke maye gurbin barci. Na san rage awoyi ba a hannunka kaɗai yake ba, akwai iyali, akwai tsoron rasa aikin. Duk da haka ka kare barcinka na awa 7, ka riƙe ranar hutunka kada a ci maka ita, ku haɗu da abokan aiki ku yi magana da shugabanni da murya ɗaya. Ka je a auna maka hawan jini da suga, a kuma duba ko kana da ƙarancin jini, domin waɗannan ma suna kawo gajiya. In sakamakon ya nuna akwai abin da jikinka ya rasa, likitanka zai rubuta maka shi da sunansa da adadinsa.