Ɗaya ta samu afdet, ɗaya shiru

Wai kana tambayata me ya sa wayoyi biyun nan, duk Galaxy S21 ne, ɗaya ta samu afdet ɗaya kuma shiru. Wata nawa ka yi a shagon nan ba ka taɓa duba lambar samfurin waya ba? Ku yaran yanzu hannu na kan aiki, ido na kan TikTok.

Duba nan. Wannan SM-G991B ce, ta kasuwar duniya. Waccan SM-G991U ce, 'yar Amurka, ta kamfanin layi. A can yawanci wurin kamfanin layi ake karɓar waya, ana biya kaɗan-kaɗan duk wata. Google zai fitar da Android, Samsung ya ɗora nasa, sannan Verizon ko AT&T ko T-Mobile kowa ya gwada a layinsa, ya zuba manhajojinsa, ya saki ranar da ya shirya. Ta AT&T ma sau da yawa ba ta jan afdet in babu layinsu a ciki. Don haka kada ka ce wa kwastoma laifin MTN ne ko Airtel, ba ruwansu. Ita iPhone, Apple ke turo wa kowa kai tsaye. Kuma cikin wayoyi biyun nan ma ba ɗaya ba ne: injin U Snapdragon ne, na B Exynos, fayil ɗin wannan ba ya hawa waccan. Yadda ake filashin kuwa, wato sake ɗora wa waya manhajarta ta kwamfuta da Odin, manhajar da ake yi wa Samsung wannan aiki da ita, wannan ko ɗan koyon jiya ya sani.

Ka tuna min da abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wani mutum ya zo min nan kasuwar waya ta Farm Centre, babbar riga, turare na tashi, da wayoyi huɗu 'yan Amurka a leda. Ya ce afdet kawai yake so, zai sayar. Na tambaye shi, buɗaɗɗu ne daga kamfani, suna karɓar kowane layi? Ya rantse da Allah. Na sa layina a ɗaya, sabis ya kawo, na yarda. Ashe buɗewar dabara aka yi musu da kwamfuta, irin wadda ba ta jure filashin. Na yi aikina tsaf, wayoyi suka tashi, sai ga kowacce tana neman lambar buɗe layi. Duka huɗun! Zufa ta karyo min.

Mutumin nan ya dawo da la'asar, ya tara min jama'a, wai lafiya lau ya kawo kayansa na kashe masa. Muka je gaban shugabannin kasuwa. Ba takarda, ba shaida, kowa kuma ya ga a hannuna suka kulle. Ni na biya kuɗin buɗe uku, ta huɗun ta ƙi, don ana bin ta bashi a can Amurka, dole na saye ta. Kuɗin da na tara na hayar shago ne suka tafi. Shekara ashirin ina wannan sana'a, a ce rantsuwa ta rufe min ido! Wallahi ya san abin da ya kawo.

Tana nan cikin durowar ƙasa, da fashewar gilashi a kusurwa. Ɗauko ta ka karanta min lambarta. Shi kuma mai U ɗin nan, kira shi ya zo ya rubuta da hannunsa cewa buɗaɗɗiya ce, kafin in sa mata kebul.